Yadda 'Yan Zuru Suka Koyi Fifiko a Turanci

Ta hanya biyu Turanci ya shigo ƙasar Zuru: makarantun 'yan mishan da barikin soja. Tun zamanin Turawa Dakarkari, mutanen ƙasar, suka yi suna a aikin soja, kuma tsohon soja kan dawo gida da Turancinsa na fareti, wanda babu ruwansa da nahawu. Nahawun sai a aji.

Malamanmu na firamare, musamman bayan shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, suna da dabara guda ta koyar da fifiko. Malam zai zaƙulo yara uku ya jera su gaban allo, gajere, matsakaici, dogo, yana dafa kawunansu da tsumagiya, mu kuwa muna rerawa: tall, taller, tallest. Wanda aka tsayar a gajere ya shiga uku, don sunan ya bi shi ke nan har kasuwa.

Wahalar koyon fifikon ba ta rasa dalili ba. Yaron da ke C'lela, yaren Dakarkari, a gida, Hausa a gari, ya saba cewa wane ya fi wane tsawo, siffar ba ta motsi. Turanci kuwa sai ya liƙa mata wutsiya, in ta yi tsawo ya sa more da most a gabanta. Ga kuma 'yan tawaye irin bad, worse, worst, da littafin Brighter Grammar ya jera, sai hadda kawai. A ganina rerawar ta yi rana; wanda bai samu ba shi ke rubuta more better a jarrabawar WAEC, mai maki ya zabga masa jan biro.