Ciwon Suga da Matsalar Tayirod ga Manya: Abin da Gwajin Yatsa Ba Ya Nunawa a Inkil, Bauchi

Tsakure

Wannan maƙala ta ja da ra'ayin cewa gishiri mai aidin ya rufe babin ciwon tayirod a ƙasar nan. Matsayinta shi ne, mai ciwon suga da sugansa ya ƙi zama wuri ɗaya a yi masa gwajin TSH, mai auna aikin tayirod, kafin a ƙara masa magani.

Waiwaye

Masu wancan ra'ayi ba su rasa hujja ba. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993, kuma maƙoƙo ya ragu, ba musu. Sai dai aidin gibin abinci yake cikewa. Ba ya hana cutar Graves ko ta Hashimoto, inda garkuwar jiki ce ke far wa tayirod, sau da yawa ba tare da wuya ya kumbura har a gani ba. A Edinbura, Perros da abokan aikinsa sun auna manya masu suga 1,310 a binciken da suka buga a 1995, suka sami matsalar tayirod ga kashi 13.4 cikin ɗari. Mata masu ciwon suga nau'i na ɗaya ne kan gaba.

Hanyar bincike

An nazarci ayyukan da aka buga, aka gwada su da hanyar da majinyacin Inkil kan bi: kemis na bakin titin Gombe, ƙaramin asibiti, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa in abu ya tsananta.

Sakamako

Ciwon suga da na tayirod suna aron kamannin juna. Idan tayirod ta yi zafin aiki, hanji na saurin tsotse suga, hanta na ƙara zubo shi cikin jini, insulin kuma na saurin ƙarewa. A ɗauki mace da ke ramewa alhali tana ci, ga gumi, ga faɗuwar gaba. A kemis a soki yatsarta, a ɗiga jini a kan tsinke, lamba ta haura. Nan take sai a ce, “Hajiya, kin saki doka,” a ƙara ƙwaya. Gumin a ɗora wa zafin bazara. Da an sa ta miƙa hannu an aza takarda a kai, da an ga rawar yatsu. Da an ƙirga bugun jini, da an ji ya zarce 100 tana zaune. Wannan ba ya cin ko sisi.

Idan tayirod ta yi sanyi, lamarin juyawa yake. Insulin na daɗewa a jiki, sai maganin da aka saba sha ya riƙa kā da suga, kitsen jini ya hau, kasala kuma a ce tsufa ne. Ko gero, da ake yawan tura masu suga gare shi, Gaitan ya nuna a 1989 cewa yana ɗauke da sinadaran da ke dakushe aikin tayirod, ko da yake illar ta fi bayyana inda aidin ya yi ƙaranci. Ba a ce a bar fura ba.

Iyakoki

Za a ce Edinbura ba Bauchi ba ce, kuma wannan aiki bai ɗebi jinin kowa ba. Haka ne. Za a kuma kawo tsadar gwajin, da cewa Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka masu nau'i na ɗaya ta fi ƙarfafa a yi wa. Shi ya sa aka taƙaita shawarar ga wanda sugansa ya rikice ba dalili, da mata, da mai tarihin maƙoƙo a gidansu.