Daga amanar maigida zuwa rajistar kamfani a zangunan Akara

Kafin a san rajistar kamfani, fataucin goro da shanu a zangunan Akara kan amanar maigida ya dogara. Shi ke saukar da fatake, shi ke tsaya musu wajen bashi. In ya ci amana, labari ya kai Kano, fatake su ƙaurace wa gidansa, hukuncinsa ke nan.

A 1963 Gana ta kafa dokar kamfanoni wadda masanin shari'a ɗan Ingila, Gower, ya tsara. Ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani, abin da Nijeriya ba ta amince da shi ba sai a 2020. Sai dai wannan sauƙi bai tsinana wa yawancin 'yan kasuwar Nima da Mamobi komai ba, domin umarnin gwamnatin Busia na 1969 ya kori baƙin da ba su da takardar zama, dokar 1970 kuma ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan kasuwanci. Da yawa suka karyar da kadarorinsu suka tafi. Dokar zuba jari ta 2013 ma ta sharɗanta wa baƙo mai saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan Gana 20 aiki.