Ganuwar Birnin Zazzau

Wanda ya taso daga Ikara, ko Makarfi, ko Kudan, ya nufi Zariya, in ya wuce Tudun Wada sai ya iske Ƙofar Doka, da ragowar wata tsohuwar ganuwa ta jar ƙasa. Da'irarta ta kai kamar mil 10. Mutane suna jingina ta ga Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, har akan ce da irin waɗannan garu ganuwar Amina. Amma aiki irin wannan ya fi ƙarfin zamanin sarki guda.

Ga yadda aka yi ta. Sai a haƙa rami mai zurfi a kewaye gari, ƙasar da aka fitar a kwaɓa ta, a ɗora tubali bisa tubali, gindi da kauri, kai da tsini. Ashe rami da garu aiki ɗaya ne, iyakar zurfin wannan iyakar tsawon wancan. A bar sarƙaƙiya ta cika ramin don doki kada ya ƙetare. Daga ciki kuwa akwai badala, inda 'yan baka ke tsayawa. Ƙofofi, irin su Kuyambana da Gayan da Kona da Tukur-Tukur, an yi su ƙuntatattu, da magariba a rufe.

A Ingila ma an yi irin wannan dabara. Gidan yaƙi na Bodiyam, wanda aka soma a 1385, na dutse ne, ruwa ya kewaye shi. Sai dai shi mai gida da dakarunsa kaɗai ya ɗauka. Tamu kuwa ta haɗiye gari duka, har da gonaki da rijiyoyi da wurin kiwo, domin in an yi zobe talakawan ƙauye su shigo, yunwa kuma kada ta ci birni. A ganina hikimar nan ta fi.

Duk da haka ba ta hana Malam Musa shiga da tutar Shehu ba, Sarki Makau ya fice ya yi kudu.

Abin da ya ci ganuwa damina ce. Garun ƙasa sai da yaɓe, da can kuwa in kaka ta yi akan tara jama'a a gyara inda ya zube. Turawa suka sauka Zariya a 1902, a 1903 igwarsu ta buɗe musu Kano. Daga nan hari ya ƙare, gyara ya tsaya, magina suka riƙa ɗibar ƙasarta, gidaje kuma suka hau kanta.