Me Ya Sa Harshen C Ke Tambayar Faɗin Jeri?

Mai koyon harshen C ba ya daɗewa sai ya ci karo da wata ƙa'ida. Idan zai miƙa wa fankishin jeri mai layuka da ginshiƙai, an yarda ya bar adadin layukan a buɗe, amma tilas ya rubuta adadin ginshiƙan tun kafin a harhaɗa manhajar, kamar a[][4].

Asalin ƙa'idar yana cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, inda Dennis Ritchie ya ƙera C wajen 1972 a kan kwamfutar PDP-11. Ma'adanar injin ƙarama ce ƙwarai, kuma jerin C bai ɗauki bayanin girmansa tare da shi ba. Abin da ke isa ga fankishin adireshin farkon jerin ne kawai, layukan kuma a jere suke, wani na bin wani. Idan ginshiƙai 4 ne, ana kuma ƙirge daga sifili, gurbin da ke layi na 2, ginshiƙi na 1, yana mataki na 9 daga farko, wato 2 sau 4 a ƙara 1. Lissafin bai buƙaci adadin layuka ba, amma in babu faɗin ba zai yiwu ba.

Sauran harsuna sun bi wasu hanyoyin. Fortran ya daɗe da yarda a miƙa girman jeri lokacin da manhaja ke aiki. Pascal na Niklaus Wirth kuwa ya mai da girman wani ɓangare na nau'in jerin, tsaurin da Brian Kernighan ya soka a wata maƙala a 1981.

Mizanin C na 1999 ya sassauta, ya yarda da jerin da sai ana cikin aiki ake sanin girmansa. Sauƙin ya zo da nasa haɗari: idan girman ya fito daga bayanan da wani ya turo daga waje, yana iya cinye wurin ajiyar wucin gadi har manhaja ta durƙushe. Mizanin 2011 ya mai da tsarin na zaɓi, a 2018 kuma masu kula da zuciyar Linux suka kammala tsame irin waɗannan jeri daga cikinta.

Shi ya sa masu rubuta manhajar ƙananan na'urori, kamar na mota da na asibiti, har yau suka fi son ƙayyadadden girma. Sanin girman tun da wuri yana ba su damar ƙididdige ma'adanar da ake buƙata kafin na'urar ta bar masana'anta.