Matattun da ke Kogwannin Wales

A gaɓar tekun kudancin Wales, kusa da garin Llantwit Major, akwai wani kogo a Tresilian da mutanen yankin suka daɗe suna cewa ana jin ihun mutum a cikinsa idan iska ta taso da dare. Sun ce fatalwar Colyn Dolphin ce, ɗan fashin teku daga Brittany, wanda a ƙarni na 15 ya yi garkuwa da Sir Harry Stradling, mai fadar St Donat's, sai da aka biya kuɗin fansa mai nauyi. Da jirgin ɗan fashin ya tarwatse a gaɓar, in ji almarar, sai aka binne shi cikin yashi har wuya, aka bar shi teku ta cika ta rufe shi.

Muna iya cewa igiyar ruwa ce ke ruri cikin dutse, mu wuce. Amma idan muka matsa yamma zuwa Gower, za mu ga masana ma sun ƙaga tasu almarar.

A 1823, William Buckland, limamin coci kuma masanin duwatsu a jami'ar Oxford, ya tono ƙasusuwan mutum a kogon Paviland. An lulluɓe su da jar ƙasa, ga ƙawanya da sanduna na hauren giwa a gefe. Da farko ya zaci jami'in kwastan ne da 'yan fasa-ƙwauri suka kashe. Daga baya, ganin kayan adon, ya ce mace ce ta zamanin Rumawa, karuwa ko mayya. Daga nan sunan Jar Matar Paviland ya bi gawar.

Bincike ya zo ya nuna saurayi ne, wanda aka binne da girmamawa kimanin shekara 33,000 da suka wuce. A lokacinsa ma babu teku a ƙofar kogon, fili ne shimfiɗaɗɗe na mafarauta.

Masunta sun ji ruri suka ba shi sunan wanda suke tsoro. Buckland ya ga ƙasusuwa ya ɗora musu abin da zamaninsa ya yarda da shi. Bambancin shi ne, tasa almarar ta tafi da gawar: har yau ƙasusuwan suna gidan tarihi a Oxford, cikin Ingila, mutanen Wales kuma suna ta kiran a mayar musu da mamacinsu gida.