Sarauniyar Lugu a Allon Majigi

A shekarar 1992 wani ɗan kasuwa mai suna Kenneth Nnebue ya fitar da wasan kwaikwayo a kaset cikin harshen Ibo. Labarin wani saurayi ne da ke zaune a Ikko, wanda kwaɗayin dukiya ya kai shi ga ƙungiyar asiri har ya ba da matarsa, sa'an nan fatalwarta ta hana shi sakat. Daga wannan kaset ne sana'ar fim ta Kudu ta kafu, Ibo kuwa suka yi ta nuna dodanninsu da wuraren tsafinsu da bakinsu.

To, mu fa? Ƙasar Hausa ba ta rasa irin wannan labari ba. Duk wanda ya tashi a Karare, ko wani ƙauye na Batsari da Safana, ya ji zancen 'yan bori da iskoki da Maguzawa. Amma mashahurin fim da aka yi a kan addininmu na dauri, baƙo ne ya yi shi.

Ga yadda abin ya ke. A ƙasar Arewa ta Nijar, wajen Dogon Dutsi, akwai wani gari Lugu, na Azna, watau Hausawan da ba su musulunta ba. Mace ce shugabarsu, a na ce mata Sarauniya, ita ce kuma mai kula da tsafin ƙasa. A can ne dutsen Tunguma ya ke, wanda a ke kai wa ƙara. Cikin 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta ratso ƙasar za ta tafkin Cadi, ta na ƙone garuruwa, ta na kashe mutane ba adadi. Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya. Aka gwabza a watan Afrilu, Turawa suka ci garin, amma ita da jama'arta suka shige kurmi, ba a kama ta ba. Bayan wata uku, a ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsai da shi, sa'an nan sojan hafsoshin nan biyu suka juya musu suka kashe su. Mutanen Lugu dai sun ce asirin Sarauniya ne ya bi su.

Abdullahi Mamani, mutumin Nijar, ya rubuta labarin da Faransanci a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, ya ɗauke shi a Burkina Faso, har ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Abin takaici, mafi yawan maganar cikinsa ba Hausa ba ce.

Sana'ar fim ta Kano ta soma da Turmin Danya a 1990, watau ta ma riga kaset ɗin nan na Ibo. Sai dai soyayya da waƙa suka fi yawa a cikinta. In boka ya fito, galibi mugu ne a cikin kogo, ya na babbaka dariya, kishiya ta zo neman maganin 'yar'uwarta. Dalilin a fili ya ke: jama'a Musulmi ne, kuma tun 2001 akwai hukumar tace finafinai a Kano. Amma ba da labarin abu daban, bin sa daban. Malaman da suka rubuta tarihin Kano Musulmi ne, duk da haka ba su cire Barbushe da Tsumburbura daga ciki ba.