Abdulmalik Sayad (1933-1998): malamin makaranta da ya zama masanin ƙaura

Gabatarwa

Ilimin zaman jama'a ya daɗe yana duban mai ƙaura ta fuska guda, wato daga ranar da ya sauka a ƙasar da ta karɓe shi, kamar dai a ranar ce aka haife shi. Daga cikin masanan da suka yi rubutu da Faransanci, babu wanda ya dage a kan gyaran wannan dubi kamar Abdulmalik Sayad, mutumin Aljeriya, wanda ake rubuta sunansa Abdelmalek Sayad a bangon littattafansa. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa da na aikinsa, domin a nuna cewa mafi yawan abin da ya gano, ya gano shi ne ta hanyar sauraren kalmomi: na masu ƙaura, da na hukuma, da na makaranta.

1. Daga Agbala zuwa Alje

An haifi Sayad ran 24 ga watan Nuwamba na 1933 a ƙauyen Agbala, cikin duwatsun Kabiliya, a zamanin da Aljeriya take hannun Faransa. Kabilanci, ɗaya daga cikin harsunan Barbar, dangin Tamajak na Abzinawa, shi ne harshen da ya tashi da shi. Tun farkon ƙarni na 20 Kabiliya ce yankin da ya fi tura maza zuwa masana'antun Faransa, saboda yawan jama'a da ƙarancin gonaki. Ke nan yaron ya girma a inda tafiya da komowa da jiran kuɗin matafiyi suka zama ruwan dare.

An sa shi makarantar boko yana da shekara 7. Wannan ba ƙaramin rabo ba ne, domin har zuwa 1954 yaran Musulmin Aljeriya da suke zuwa makaranta ba su kai ɗaya bisa biyar ba. Ya ci gaba da karatu a birnin Bijaya, sa'an nan ya shiga makarantar horon malamai ta Buzare'a, a gefen Alje, inda marubuci Mouloud Feraoun ya yi karatu kafin shi. Da ya gama, aka ba shi aji a wata makarantar firamare ta unguwar Barbarus, cikin tsohon birnin Alje, ana tsakiyar yaƙin neman ƴanci wanda ya ɓarke a 1954. A nan ya san makarantar mulkin mallaka ta ciki: ɗalibi ne da ta raba da harshen gidansu, kuma malami ne da ta ɗora wa aikin yi wa wasu yara haka.

2. Haɗuwa da Bourdieu da binciken sansanoni

Yana koyarwa yana kuma karatu a jami'ar Alje, inda ya haɗu da Pierre Bourdieu, wani matashin malami Bafaranshe da ya fara koyarwa a can a 1958. A waɗannan shekaru sojojin Faransa sun kwashe manoma daga ƙauyukansu, suka tara su a sansanoni, domin su raba su da mayaƙan ƴanci. Zuwa 1960 waɗanda aka tara sun kai kimanin mutum miliyan 2. A shekarar ce Bourdieu da Sayad da wasu ɗalibai suka shiga sansanonin yankin Kollo na gabashin Aljeriya da na kwarin Shalif suna tambayar mutane. Sakamakon ya fito a 1964 cikin littafin da suka sa wa suna Le Déracinement, ma'ana tumɓukewa.

Akwai wani abu a binciken nasu da ya kamata duk mai tsara takardar tambayoyi ya sani. Da aka tambayi mutane ko suna da aiki, sai manoman Kabiliya da yawa suka ce ba su da shi, alhali manoma da makiyaya na wasu yankuna, waɗanda kwanakin aikinsu ba su fi na Kabilawan ba, suka ce suna da shi. Dalili shi ne Kabilawa sun riga sun san albashi ta hanyar zuwa Faransa, har kalmar "aiki" ta koma nufin abin da ake biya da kuɗi kawai, noman gado kuwa ya fita daga cikinta. Tambaya ɗaya ce, amma ma'anar kalmar ta rabu biyu, kuma ƙaura ce ta raba ta. Wanda ya tsaya ga alƙaluma kaɗai zai ɗauka bambancin yana cikin gona, alhali yana cikin harshe da tarihin masu amsawa.

3. Shekarun Pari

Aljeriya ta sami ƴanci a 1962. A 1963 Sayad ya tafi Faransa, ya shiga cibiyar nazarin zaman jama'a inda Bourdieu yake aiki a Pari. Shekara 14 ya yi yana aikin wucin gadi, sai a 1977 aka ɗauke shi a Cibiyar Ƙasa ta Binciken Kimiyya (CNRS), inda daga baya ya kai matsayin darektan bincike. A tsawon wannan lokaci yawan mutanen Aljeriya a Faransa ya tashi daga kimanin 350.000 a 1962 zuwa sama da 700.000 a 1975.

Hanyar bincikensa ita ce doguwar hira. Yakan zauna da ma'aikaci a ɗakin kwanan leburori ko a gidan shayi, su yi magana da Kabilanci ko Larabcin Aljeriya, wani lokaci a zama da yawa, sa'an nan ya rubuta hirar, ya fassara ta, ya bi ta kalma bayan kalma. Bourdieu ya kwatanta shi da mai rubuta wa jama'a wasiƙu, irin wanda marasa karatu suke faɗa wa sirrinsu.

4. Kalmar elghorba da zamuna uku

Maƙalarsa ta 1975, a mujallar Actes de la recherche en sciences sociales, a kan kalma guda ta tsaya: elghorba, sunan da Kabilawa suke ba zaman baƙunci. Kalmar Larabci ce, tushenta ɗaya da "magariba" da Hausa ta ara, wato faɗuwar rana. Sayad ya nuna cewa a al'adar Kabilawa kalmar tana tafe da yamma da duhu da kaɗaici da ɓata. To, yaya aka yi samari suke ɗokin abin da harshensu ya siffanta haka? Amsarsa ita ce akwai wata ƙarya da jama'a duka suka haɗu a kanta ba tare da shawara ba. Wanda ya zo hutu yakan zo da sababbin tufafi da tsaraba, ya ɓoye ƙuncin ɗaki da wahalar masana'anta; iyali ba sa son jin wani labari dabam; saurayi kuwa sai ya isa can yake ganin gaskiya, in ya komo shi ma ya ɓoye ta. Da haka ƙaura take haifar da ƙaura.

A 1977 ya fitar da maƙalarsa mafi shahara, wadda ta kasa ƙaurar mutanen Aljeriya zamuna uku. A zamani na farko, wanda ya kai har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gida ne yake zaɓen mutum mai amana ya aike shi na ɗan lokaci, ya samo kuɗin haraji ko na fansar gona, ya komo wani ya tafi. Wannan tafiya domin a ci gaba da zama manomi ake yin ta. A zamani na biyu kuɗin da ake aikowa sun riga sun raunana noma da ikon dattawa, sai saurayi ya tafi don kansa, ba da aiken kowa ba, ya daɗe, domin ya tsere wa gona. A zamani na uku an sami ƴar ƙaramar Aljeriya a cikin Faransa, da mata da yara da shaguna. Aljeriya ta dakatar da fitar ma'aikata a 1973, Faransa ta rufe ƙofar shigarsu a 1974, amma zuwan iyalai bai tsaya ba.

Hausa tana da kalmomi biyu da suke sauƙaƙa fahimtar wannan bayani. "Cin rani" tafiya ce mai wa'adi, damina ke yanke ta. "Ƙaura" kuwa tashi ne gaba ɗaya. Abin da Sayad ya bayyana shi ne cin ranin da ya rikiɗe ya zama ƙaura, amma kowa ya ƙi canza masa suna. Ƙasar asali tana cewa ƴaƴanta za su komo, ƙasar sauka tana cewa hannuwan aiki ne na ɗan lokaci, shi kansa matafiyin yana cewa baɗi zai koma. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A nan raɓar ta shekara 30 ba ta bushe ba, ana kuma ci gaba da kiranta raɓa. Sakamakon haka shi ne mutumin ya zama ba ya can inda ake lissafa shi, kuma ba a lissafa shi a nan inda yake. Daga wannan ne aka samo sunan littafinsa La Double Absence, wato rashi biyu.

5. Makaranta da ƴaƴan baƙi

Da iyalai suka zauna, sai tsohon malamin ya komo kan batun makaranta. A 1979 ya buga doguwar hira da wata ɗaliba, ɗiyar ma'aikaci, inda ya nuna yadda iyaye suke ganin makarantar Faransa ta mayar da ƴaƴansu baƙi a cikin gida, har suna kiransu ƴaƴan Faransa.

Tun 1973 Faransa ta fara ƙulla yarjejeniya da ƙasashen da baƙi suka fito, domin a koya wa ƴaƴansu "harshe da al'adun asali", tsarin da aka sani da ELCO. Da Fotugal aka fara. Ta Aljeriya an sa mata hannu a 1981. Ƙasashen asali ne suke aiko malamai suna biyansu, kuma sau da yawa akan fitar da yaran daga aji a lokacin darasi. Sayad ya shiga kwamitin da Jacques Berque ya shugabanta, wanda ya miƙa wa ministan ilimi Jean-Pierre Chevènement rahoto a 1985 game da ƴaƴan baƙi a makaranta, amma ra'ayinsa ya saɓa da na masu ɗokin koyar da al'adun asali.

Hujjojinsa uku ne. Na farko, tsarin ya taso ne a zamanin da hukuma take son baƙi su koma, har a 1977 aka yi tayin faran 10.000 ga wanda ya yarda ya tafi. Ke nan darasin shirin komawa ne ga yaran da yawancinsu a Faransa aka haife su. Na biyu, abin da aka kira harshen asali sau da yawa ba shi ne na gida ba, domin yaron da uwarsa take yi masa Kabilanci, Larabcin littafi ake koya masa, harshen hukumar Aljeriya. Na uku, idan aka jingina faɗuwar yaro ga al'adarsa, an ɗauke wa makaranta nauyinta, an kuma manta cewa ubansa lebura ne, matsalarsa kuwa irin ta ƴaƴan leburori ce. Abin da ya nema shi ne makaranta ta koya wa waɗannan yara duk abin da take koya wa sauran, da kyau, ba tare da ta keɓe su ba. An tattara waɗannan rubuce-rubuce a 2014 cikin L'École et les enfants de l'immigration. Faransa ta sanar da soke ELCO a 2020.

6. Ƙarshen rayuwa

A 1991 ya tara maƙalunsa cikin L'Immigration ou les paradoxes de l'altérité. Ya sa hannu a babban littafin haɗin gwiwa La Misère du monde na 1993, kuma a 1995 ya fitar da nazari a kan unguwannin bukkokin kwano na Nanter, a gefen Pari, inda dubban mutanen Aljeriya suka zauna. Ya rasu ran 13 ga watan Maris na 1998. Bourdieu ne ya kammala shirya La Double Absence, ya fito a 1999. An sa sunansa ga ɗakin karatu na gidan tarihin ƙaura da ke Pari.

Kammalawa

Bai kamata a ɗauki sukar da Sayad ya yi wa ELCO a matsayin suka ga koyarwa da harshen gida ba. Makarantun gwaji da Nijar ta fara da Hausa a Damagaram a 1973 sun sa yaro ya fara karatu da harshen da yake magana da shi, shi da dukan ƴan ajinsu, a ƙasarsu. ELCO kuwa ta ware wasu yara ne ta ba su harshen da wata hukuma ta zaɓa musu. Tambayoyin da aikinsa ya bar wa masu tsara ilimi su ne: wane harshe yaron yake yi a gida, wa ya raɗa masa "na asali", kuma darasin zai haɗa shi da sauran yara ko zai raba shi da su?

Haka nan ga masu binciken tafiya biɗa. Aljeriya da ta tura ƴaƴanta Faransa ta zama ita ma masaukin mutanen kudancin Nijar. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, akasari daga yankin Kance, a hamadar arewacin Arlit, a kan hanyarsu ta zuwa can. Ƙidayar bakin iyaka ba za ta bayyana irin wannan tafiya ba. Bisa hanyar Sayad, sai an fara daga ƙauyen da aka baro, an ji wa ya aiki matafiyi, da abin da masu komowa suke faɗi da wanda suke ɓoyewa, da sunan da mutanen gari suke ba tafiyar a cikin harshensu.